Abin da kaskon ruwa ya koya mini

Shekarata ta farko a aikin kula da lafiyar dabbobi a Damagaram, wani dattijo daga unguwar Birni ya zo mini da ƴan shila uku a cikin kwali. Biyu sun riga sun mutu. Na ukun ya rame ƙwarai, yana ta miƙa wuya kamar abu ya shaƙe shi. Da na buɗe bakinsa sai na ga wani abu rawaya kamar cuku ya manne a maƙogwaro, ga wari. Na sa tsinke zan kankare, jini ya ɓalle. Kuskurena na farko ke nan, kuma har yau ina jin ciwonsa.

Ya ce mini, "Ɗana, kafso nawa na fasa musu a ruwa, ba su ji ba."

Ba za su ji ba kuwa. Cutar ba ta irin ƙwayoyin da kafso ke kashewa ba ce. Wata halitta ce mai ƙwayar rai guda, Trichomonas gallinae, wadda ke zaune a baki da maƙogwaro da jakar abincin tsuntsu. Maigidana a wurin aiki ya lakato majinar bakin, ya ɗiga a gilashi, ya ce in duba tun da ɗuminta. Na gan su a madubin awo suna ta zillo. Magani irin metronidazol ne ke kama su.

Na ba da magani, na ɗauka an gama. Bayan wata guda dattijon ya dawo da wani kwalin.

Sai da na taka har gidansa na gane inda na yi sakaci. Manyan tantabarun garau suke, amma da yawansu suna ɗauke da cutar ba alama, kuma tantabara baki da baki take ɗura wa ɗanta abinci tun ranar ƙyanƙyasa. Ni kuwa marasa lafiya kaɗai na yi wa magani. Sannan ga kasko a tsakar gida, ruwan ciki ya kwana uku, don kowa ya san tsadar ruwa a garin nan da bazara, ba mai zubar da shi haka kawai. Ina zaune kurciyoyi suka sauko daga kan katanga, hazbiya ta biyo, duk suka tsoma baki inda tantabaru suka sha. Shahon da ya ci mai cutar ma yana iya ɗauka. A Ingila, daga 2005, cutar ta shiga ƙananan tsuntsayen da mutane ke zuba wa tsaba a bayan gida, ta yi musu ɓarna mai yawa. Mutum dai ba ta kama shi.

Raunin halittar ɗaya ne: ba ta jure bushewa. Rana kuwa muna da ita.

Na ce, "Baba, a rufe ruwan daga tsuntsayen daji." Ya girgiza kai, ya ce ruwan kurciya sadaka ce da ya gada daga mahaifinsa. Ban ja da shi ba, don na ga gaskiyarsa. Muka shirya a kan ruwa kaɗan kaɗan, sabo kullum, na kurciyoyi daban can bakin zaure, kowane wuri da kasko biyu. A yi amfani da ɗaya yau, a wanke ɗayan a shanya shi a rana har ya ƙone da zafi. Iyaye da ƴaƴa kuma duka muka yi wa magani a lokaci guda.

Da damina ta faɗi ya aiko jikansa da ƴan shila biyu masu ƙiba. Kafin in yi godiya, sai da na buɗe bakunansu na duba.