Kafin a ɗora wa mutum hannu a naɗa shi fasto

In ikilisiya za ta kira fasto, tambayar da ake fara yi ita ce, ya iya wa'azi? Amma a buɗe 1 Timoti 3:1-7 a gani. Cikin dukan abin da Bulus ya jera, ɗaya ne kaɗai ya shafi gwaninta, wato iya koyarwa. Sauran duk hali ne: mijin mace ɗaya, mai kamun kai, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin hannu ba, ba mai son kuɗi ba, mai riƙe gidansa da kyau. Titus 1:5-9 ma haka ya ce.

1 Timoti 3:7 ce ta fi kama mu a nan Damagaram: sai mutum yana da kyakkyawar shaida a bakin waɗanda ba na ikilisiya ba. Tun 1924 mishan ta SIM ta fara aiki a garin nan, amma har yau Kirista kaɗan ne, kuma maƙwabcin fasto, gabas da yamma, Musulmi ne. Shi ya san ko ana jin ihu daga gidan da dare. Don haka kada dattawa su tsaya ga takardar makarantar Littafi Mai Tsarki. Su aiki mutum biyu unguwar da ya zauna, Birni ko Zango ko Sabon Gari, su gaida mai unguwa, su tambayi mai gidan haya da mai shagon da yake cin bashi. Yana biya? Yana zuwa gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa? Amsar nan ta fi wa'azin gwaji goma.

Kuɗi kuwa, nan ne mutanen kirki ke faɗuwa, kuma ba da niyyar sata suke farawa ba. Yaro ya kwanta, babu na magani, baikon Lahadi, wato kuɗin da aka tara a majami'a, na cikin ɗaki, sai a ari jikka biyar da nufin a mayar ƙarshen wata. Ba a rubuta ba, ba a mayar ba, an sake ara. Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da wakilan ikilisiyoyi (2 Korintiyawa 8:18-21). A ƙirga baiko a majami'a nan take, mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba, su rubuta, su sa hannu, ma'aji ya karɓa. Makulli kada ya kwana wurin fasto. Ita ma ikilisiya ta biya shi kan lokaci, gama 1 Timoti 5:18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Wanda aka bari da yunwa an tura shi bakin rami ne.

Aikin kansa kiwo ne, ba sarauta ba (1 Bitrus 5:2-3). Ezekiyel 34:4 ya zargi makiyaya kan marar lafiyar da ba su yi jiyya ba da ɓataccen da ba su nema ba. Wanda aka rasa Lahadi biyu a jere, a je gidansa. In mace ce, fasto ya tafi da matarsa ko wata dattijuwa daga zumuntar mata, a zauna a tsakar gida inda ido ke gani.

In ƙara ta taso a kan fasto, ba a karɓa sai da shaidu biyu ko uku (1 Timoti 5:19). Sabon tuba kuwa, komai zafin himmarsa, a ba shi ajin yara ko jagorar addu'a a ƙarƙashin dattijo tukuna, a ga yadda yake in an tsawata masa.