Shekara biyu ina fama da ruwan zartsi a garin hamada

Ban cika wata guda da tarewa a wani gari na tsakiyar hamada ba, inda aiki ya kai ni, sai na ga butar lantarkin da na zo da ita sabuwa fil ta yi farin ɓawo a gindi, kamar an shafa mata farar ƙasa an bar ta ta bushe. Da farko butar na ɗora wa laifi, har ina mitar an sayar mini da jabu. Sai da sabulu ya ƙi kumfa wajen wanka, tawul ya riƙa bushewa ƙandas, kan shawa kuma ya koma fitar da ruwa ta 'yan ramuka biyar ko shida, biyu daga cikinsu ma bango suke fesawa, sannan na yarda cewa daga famfo matsalar take.

Kuskurena na farko shi ne sayen na'urar tace ruwa mai gawayi ba tare da na binciki abin da ke cikin ruwan ba. Ta rage warin kulorin, amma ɓawon ya ci gaba da taruwa, domin gawayi ba ya kama kalsiyam da magnesiyam, su ne kuwa suke sa ruwa ya riƙa barin wannan ɓawo, abin da ake kira nauyin ruwa. Garin da ba shi da kogi da ruwan ƙarƙashin ƙasa ya dogara, kuma ruwan da ya daɗe kwance cikin duwatsun farar ƙasa yana narkar da su, ya taho da su har cikin bututu. Da na sayi takardar gwaji wadda ake tsomawa ta sauya launi, sai na ga nauyin ruwanmu ya wuce miligiram 180 a kowace lita, iyakar da hukumar binciken ƙasa ta Amurka ke cewa daga nan ruwa ya kai matuƙar nauyi.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne wani dattijo mai gyaran famfo da na kira saboda tankin dumama ruwa ya fara ƙara da dare kamar ana soya tsakuwa. Ya kwance ƙarfen da ke dumama ruwan ya miƙo mini, na same shi ya yi kanta, da ƙyar ake ganin ƙarfen, sannan ya zazzage farin tsaki daga gindin tankin har ya kusa cika roba. Ya ce mini, "Malam, wannan ruwan ba ya ɓarna sai a wuri biyu, inda ya ji wuta da inda ya bushe." Da na bi gidan ina dubawa sai na ga haka abin yake. Zafi ne ke sa abin da ya narke ya koma dutse ya manne, busasshiyar iskar hamada kuwa ba ta barin ɗigon ruwa ya daɗe a kan tayil ko gilashi, nan da nan take shanye shi ta bar farin tabo.

Daga nan na daina gurza da soson ƙarfe, wanda ya riga ya kankare mini ƙyallin famfo biyu. Ruwan khal ya fi ƙarfin hannuna aiki. Ina haɗa shi da ruwa rabi da rabi in tafasa a buta, in bar shi kamar awa guda, sai ɓawon ya saki da kansa yana 'yar kumfa. Kan shawa kuma ina zuba khal a leda in ɗaure masa ya sha, sannan in bi ramukan da tsohon buroshi. Abu biyu ne ban yi wasa da su ba: ba na haɗa khal da bilic, domin suna fitar da iskar kulorin mai guba, kuma ba na bari ya taɓa dutsen marmara, tunda shi ma dangin ɓawon ne, tsami yana cin sa. Tankin na saita shi a digiri 60, saboda ƙara zafi ƙara ɓawo ne, rage shi sosai kuma yana ba ƙwayoyin cuta damar hayayyafa, sannan ina zubar da ruwan gindinsa duk bayan 'yan watanni.

Wanki ya fi daɗewa yana ba ni wahala, har na gane cewa sabulun sanda ne ke haɗuwa da kalsiyam ya zama wannan dauɗa mai danƙo da ke dusashe fararen kaya. Na koma garin sabulu na ƙara yawansa kaɗan, aka samu sauƙi.

Na yi tunanin sa na'urar da ke musanya kalsiyam da sodiyam, amma gidan na haya ne, ita kuma tana cin gishiri a kai a kai, ruwanta ba ya yi wa shuka daɗi. Game da sha, hankalina ya kwanta da na san Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta sa wata iyaka ta lafiya a kan nauyin ruwa ba. Yanzu akwai tsumma rataye kusa da kowane famfo a gidan, kuma duk wanda ya gama amfani da ruwa yana goge wurin kafin iska ta riga shi.