Ƴan kunnuwan roba a wuyan tsohuwar Gibson

Duk wanda ya kawo mini tsohuwar gitar mai farar roba a gefen wuya, ya ce in canja mata firet, wato ƙarafan da ke jere a wuyan inda ake danna tsirkiya, amma kada in taɓa ƴan kunnuwan robar nan da ke bakin kowane firet, yanzu amsata guda ce: ya ɗauki abarsa ya kai inda ake yi. Nan Yamai ni ba na yi. Na yi, na ga abin da ya biyo baya, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Gitar ɗin Gibson ce, ES-335, ja, ta ƙarshen shekarun 1960. Ta wani dattijo ce da ya yi kiɗa a orkes tun zamanin Kunce, lokacin da samariya ke tashe, kuma a Abijan ya saye ta hannun wani. Ƙarafan sun cinye. Daga na ɗaya har wajen na bakwai kowace tsirkiya ta haƙa kwarinta, ga shi wani ya taɓa goge su har sun kusa kwanciya da katako. Ba sauran abin gogewa, sai dai sababbi.

Masu wannan sana'a sun san yadda Gibson ke gina wuyanta. Ana fara buga ƙarafan a jikin allon, wato katakon fuskar wuya inda yatsu ke dannawa, a yanke bakinsu daidai da katako, sannan a manna robar gefen ta ɗan fi allon tsawo, a kankare ta tsakanin firet da firet. Abin da ya rage a bakin kowane ƙarfe shi ne kunnen. Firet 22, kunnuwa 44. A ido abin sha'awa ne, ban musa ba.

Ɗan dattijon yana Faransa, kuma shi ya ɗauki nauyin aikin. Ya aiko mini saƙon murya ta WhatsApp: "Malam, don Allah a bar kunnuwan nan yadda suke. Nan in aka goge su, kuɗin gitar faɗuwa yake yi." Gaskiyarsa, masu tara tsofaffin gitoci suna duba wannan. Na ce masa, "Yaya, iskar can daban, ta nan daban. Kuma Baba kiɗa yake da ita, ba ajiya ba." Bai ji ba. Na juya wajen mai gitar, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ɗana, yi yadda ya ce, shi ne mai biya."

Cire tsofaffin bai ba ni wuya ba. Na bi gefen kowane ƙarfe da reza, na ɗora masa ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo ya ɗan yi zafi, na shiga ƙarƙashinsa da awartakin da na goge wa baki ya kwanta, ina tafiya kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan. Abu guda dai, kada zafin ya matsa kusa da robar ko farin adon da ke cikin allon. Adon seluloyid ne, narkewa yake, yana ma iya kamawa da wuta. Ɓarɓashin katakon da ya tashi na mayar da shi nan take da ɗigon gam.

Wahalar tana cikin tsagar da ƙafar firet ke shiga a jikin allon. A wuyan da ba shi da roba, zarto kake sawa ka ja ya fita ta ɗaya gefen. Nan kuwa roba ta toshe bakin biyu, ba inda zarto zai fita. Faɗin tsagar bai kai milimita ɗaya ba, wajen 0.6 ne, ga tsohon gam da dattin shekaru hamsin sun daskare a lungu. Guntun ruwan zarto na samu na goge shi ya zama ƙugiya, na riƙa yakuto dattin daga jikin robar zuwa tsakiya. In ka bar ko ɗan ƙwaya a lungun nan, bakin firet ba zai zauna ba, kuma sai ka gama bugawa za ka gani.

Sai yankan ƙarafan. Tunda kunnuwan za su zauna, dole kowane firet ya shiga tsakaninsu cif, ba ragi ba ƙari, kuma wuya yana ƙara faɗi ne yayin da kake gangarawa, don haka ba biyun da tsawonsu ya zo ɗaya. Ƙananan magagarai na samo wajen maƙeran azurfa a Wadata, irin waɗanda suke gyaran zobe da su. Ka goga sau biyu, ka gwada. Ka ƙara ɗaya, ka gwada. In ka zarce da kaurin gashi, wannan ƙarfen ya tashi aiki, sai ka haura da shi inda ya fi ƙunci in da sauran wuri. Bayan haka akwai wata rigimar: sabon firet ya fi tsohon kunne tsawo, tunda kunnen ya cinye tare da tsohon ƙarfe. Dole ka zagaye bakin ƙarfen ya sauko ya sadu da robar kafin ma ka buga shi, don da zarar ya shiga, magagari ba ta da wurin juyawa sai ta ci kunnen. Wuyana da idanuna sun gaya mini.

Amma aiki ya yi kyau, wannan kam zan faɗa. Na kunna fitilar waya na bi su ɗaya bayan ɗaya, ko takarda ba ta shiga tsakanin ƙarfe da roba. Na ɗauki hoto na aika Faransa, aka yi ta sa mini albarka. Watan Maris ne, hunturu ya wuce, bazara ta kama, iska ta bushe ƙayau.

Cikin Agusta Baba ya dawo da ita a hannu, ko jaka bai sa ta ba. A wajen wani biki ya ja ƙaramar tsirkiya ƙasa a firet na bakwai, ta zame ta faɗa tsakanin ƙarfe da kunne, ta maƙale. Sai da ya sa farce ya ciro ta, mutane na kallo. Ya sake, ta sake maƙalewa a na tara. Ya ajiye mini ita kan tebur ya ce, "Ɗana, tun ba a haife ka ba nake kiɗa da gitar nan, ba ta taɓa kunyata ni ba sai da ka gyara ta."

Maganar ta yi mini zafi. Na ɗauki fitila na duba. Wuraren da takarda ba ta shiga a watan Maris, yanzu ga tsaga nan ana gani da ido, a gefen ƙasa kusan duka.

Ba wani asiri a ciki. Katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa yana nan yadda aka yanke shi. Masu ƙera gita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Yamai kuwa a watan Maris yakan sauka ƙasa da 20, a Agusta ya haura 70. Na yanke ƙarafan daidai da allon lokacin da ya kai ƙarshen tsukewa. Damina ta zo, allon ya buɗe ya tafi da robar, ƙarfe ya tsaya inda yake. Ba wani buɗewa mai yawa ba ne, amma kaurin ƙaramar tsirkiya rubu'in milimita ne kawai, ƙofar da take nema ke nan.

Wani abokin sana'a ya ce mini ai da cikin damina na yi aikin da ban ga haka ba. Da na ga abin da ya fi haka. In ka yanke su cif a Agusta, hunturu na zuwa allon zai tsuke, ƙarfe ya tokare robar daga ciki, ka wayi gari da tsaga a gefen wuya daidai kowane firet. Duba tsofaffin gitocin da suka zo daga Kwatano ko Lome suka shekara nan, za ka ga layukan nan a jere. Gaba kura, baya sayaki. Ba watan da za ka zaɓa ya fisshe ka.

Akwai kuma abin da ɗan nasa bai sani ba, don hoto ba ya nuna shi. Daga 1965 Gibson ta rage faɗin wuyan waɗannan gitoci, ya koma wajen milimita 40 a sama maimakon 43. Tsirkiyoyin gefe dama a bakin rami suke zaune. Kunnen roba yana cin wurin da ya kamata a ce ƙarfe ne, shi ya sa da Baba ya ɗan ja tsirkiya, ba ta da inda za ta taka sai mahaɗar.

Na gwada cike tsagogin da kankararriyar roba da na narkar a asitan, wani ruwan sinadari mai narkar da roba. Asitan ɗin nan in ya ɗiga a jikin fentin tsohuwar Gibson cinye shi yake, don haka da tsinken sakace nake ɗiba, ina riƙe numfashi. Ya yi kyau a ido, amma na san hunturu na zuwa ƙarfe zai ture cikon. Na kira Faransa na ce ko a goge kunnuwan ko a zo a ɗauki gitar. Wannan karon Baba ne ya karɓi wayar ya ce wa ɗansa, "Kai, ni zan kaɗa ta ko masu sayenta?"

Cire firet ɗin da ka sa da hannunka, waɗanda ko dusashewa ba su yi ba, ba daɗi. Kowace cirewa kuma tana ƙara wa tsaga faɗi, ƙayoyin ƙafar ƙarfen suna yagar katako, dole a karo na biyu na haɗa da gam. Kunnuwan da na sha wuyar karewa, magagari ta share su kafin shayi ya nuna.

Sauran aikin kowa ya san shi. Ka datse ƙafar firet ta kowane gefe daidai kaurin robar, ka bar kansa ya hau bisanta. Abu biyu ne nake tsayawa a kansu. Ƙarƙashin wurin da ka datse sai ka goge shi sumul, in ɗan tudu ya rage bakin zai ɗaga ya riƙa kama tsirkiya, ka koma gidan jiya. Sannan ƙafar kada ta taɓa robar daga ciki, a bar mata ɗan sarari ta kowane gefe don allon ya samu wurin tsukewa. Ɗigon gam ƙarƙashin kowane baki, a danne har ya kama. Da na zo karkata bakunan ban kwantar da su sosai ba, don kada in mayar da filin da na samo. Matashin tsirkiya na sama na sake shi da ƙashin saniya, tsohon ya yi wa sababbin ƙarafan gajarta.

Ta ga hunturu, ta ga damina, ba abin da ya motsa. A bazara bakin biyu-uku sun ɗan leƙo, na shafe su da magagari Baba na zaune yana jira. Ya ce yanzu ƙaramar tsirkiya ta samu wurin taka ƙafa, abin da bai taɓa samu ba ko tana sabuwa a hannunsa.

Ƙarafan karo na biyu daga aljihuna suka fito, ta hannun wani mai zuwa Kano, ladan aikin kuma ban ga ko dala ba. Ɗan nasa ya ce ai gyaran gyara ne, ba a biya sau biyu. Kwanan baya ma ya sake aiko saƙo, wai ya ji akwai masu dasa sababbin kunnuwa da narkakkiyar roba, ko zan iya. Na saurara har ƙarshe, ban ba shi amsa ba.