Maki goma da kalmar ƙaddara

Ranar da aka fara kirana fassara a irin wannan zama, a wata kotu a jihar New York, na ɗauka sabuwar shari'a za a yi. Ashe an daɗe da yanke hukunci, mutumin ma ya kusa gama zaman gidan yari. Abin da ya rage shi ne alƙali ya faɗi matakin haɗarin da za a sa shi a rajistar masu laifin lalata.

Tushen dokar abin tausayi ne. A 1994 wani maƙwabci ya yi wa Megan Kanka fyaɗe ya kashe ta a New Jersey, tana da shekara 7, alhali an taɓa ɗaure shi kan lalata da yara, iyayenta ba su sani ba. Dokar New York ta fara aiki a 1996.

Lissafi ake yi a takarda mai tambayoyi 15. Idan wadda aka cuta ba ta wuce shekara 10 ba, maki 30 ke nan. Daga 11 zuwa 16, maki 20. Tarihin shaye-shaye maki 15. In jimilla ta tsaya a 70 ko ƙasa, mataki na ɗaya: rajistar shekara 20, kuma ba a baza suna a intanet. Daga 75 zuwa 105 mataki na biyu, daga 110 mataki na uku, dukansu rajistar har ƙarshen rayuwa, ga hoto ga adireshi kowa ya gani. Na mataki na uku sai ya kai kansa wurin 'yan sanda duk kwana 90. Mai gabatar da ƙara ne zai kawo hujja bayyananna kan kowane maki, alƙali kuma yana iya ɗagawa ko sassautawa in akwai dalilin da takardar ba ta kama ba.

Mutumin da na yi wa fassara yana da maki 65 da babu gardama a kansu. Goma ake ja a kai, na rashin amsa laifi. Da aka ba shi dama ya yi magana, sai ya sunkuyar da kai yana murza hular da ke hannunsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙaddara ce, sharrin Shaiɗan ne."

Gabana ya faɗi. Na san a bakinmu wannan magana wani lokaci nadama ce ta wanda kunya ta rufe wa baki, wani lokaci kuma mafaka ce. Na kuma san yadda za ta sauka a kunnen alƙalin: mutum yana ɗora wa wani laifinsa. Zuciyata ta raya mini in ce ya yi nadama, in rufa masa asiri. Ban yi ba. Na faɗi abin da ya faɗa, ba ƙari ba ragi, don rantsuwar da na yi ke nan.

Sai mai gabatar da ƙara ta karanto bayanansa na baya, inda sau biyu ya ce uwar yarinyar ce ta ƙulla masa sharri. Da na gyara masa magana, da na shafe yarinyar daga zancen ban sani ba. Alƙali ya ba da makin goman, ya zama 75.

Akwai abin da har yau bai kwanta mini ba a takardar nan. Ana ƙara maki 20 idan mai laifin baƙo ne ga wadda ya cuta, domin an gina rajistar ne don gargaɗin jama'ar da ba su san shi ba. Na gane dalilin. Amma a zaman da na halarta, sau da yawa na gida ne mai ɓarnar: kawu, mijin uwa, wanda ake bar wa yara a tafi aiki. Shi wannan ba ya samun waɗancan maki, ga shi cin amanarsa ta fi muni. Mutumin da na yi wa fassara ma na gida ne.

Da muka fito, wani dattijo cikin 'yan uwansa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, da ka ɗan taimaka masa." Na ce, "Baba, ita ma yarinyar tamu ce." Ya yi shiru, ya gyara zaman rigarsa, ya bi sauran suka sauka.