Godiya daga gidanmu: Maman yara ta dawo gida lafiya

Salama a gare ku 'yan'uwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. A madadin iyalina ina sanar da ku cewa an sallamo Maman yara daga asibiti. An cire ƙarin da ke mahaifarta, ɗinki ya kama, ta fara takawa a tsakar gida, har ta soma yi mana faɗa kan yadda muka bar mata madafa. Da na ji faɗan nan na san sauƙi ya samu. Yabo ya tabbata ga Allah.

Da yawanku kun san ciwon, amma kaɗan ne suka san ruɗanin da muka shiga kafin mu sa hannu a takardar tiyata. Likita ya duba hoton ciki ya ce jini na zuba, ya yi ƙasa ƙwarai, jinkiri ba zai yi mana kyau ba. A makon nan kuma wata baiwar Allah ta aiko mana cewa ta ga wahayi: in aka shiga da ita ɗakin tiyata ba za ta fito ba. Wai mu kawo ta addu'ar kan dutse, da man shafewa, da wani abu na shuka iri, wato baikon kuɗi. Dangi suka rabu biyu, kowa da ayarsa a baki. Wannan ya ce ina bangaskiyarku, wancan ya ce kada ku gwada Allah. Barci ya ƙaurace mana. Tambaya ɗaya muke ta juyawa: a cikin muryoyin nan duka, wacce ce ta Ubangiji?

Shi ya sa godiyata ta farko, bayan Allah, ga Baba Pasto take. Baba, ba ka ce mana ka ga wani abu ba, ba ka kuma yanke mana hukunci ba. Ka zauna a kan tabarma, ka buɗe Ishaya 38, ka sa ni na karanta da bakina. Allah ya riga ya faɗa wa sarki Hezekiya, wanda ke kwance da ciwon maruru, cewa ya ji addu'arsa, ya ga hawayensa, zai ƙara masa shekara 15. Duk da haka, a aya ta 21 annabi Ishaya da ya kawo saƙon shi ne ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora a kan marurun. Alkawari daga sama, magani daga itacen ɓaure, ba wanda ya ture wani. Sannan ka tuna mana 1 Yohanna 4:1, cewa ba kowane ruhu ake gaskatawa ba, sai an gwada. Ka ce mu tambayi kanmu ko saƙon ya yi daidai da Maganar Allah, ko yana kai mu ga dogara ga Almasihu ne ko ga tsoro, kuma wa zai ci riba idan muka bi shi. Tambaya ta ƙarshen nan ta sa Maman yara dariya, ita ce dariyarta ta farko tun da ciwon ya tsananta.

Kada wani ya ce na hana mafarki ko wahayi. Manzo Bulus ya ga mutumin Makidoniya cikin wahayi da dare a Taruwasa, amma ku duba Ayyukan Manzanni 16:10, shi da abokan tafiyarsa ne suka tabbatar tare cewa kiran Allah ne. A ganina, saƙon da ke gudun a kai shi gaban dattawan ikkilisiya, yake zuwa da barazana da farashi, akwai alamar tambaya a kansa. Mu dai mun roƙi hikima kamar yadda Yakubu 1:5 ya ce, muka yi azumi, muka nemi ra'ayin likita na biyu, ya faɗi abin da na farko ya faɗa. Wata safiya Maman yara ta ce, "Baban yara, zuciyata ta kwanta, mu je." Ni ma tawa ta kwanta. Ba mu ji wata murya daga sama ba. Ita baiwar Allahn kuwa ba mu riƙe ta a zuci ba, muna yi mata addu'a.

Mama Pasto da Zumuntar Mata, me zan ce? Kun raba kwana a gefen gado, kun yi ta jigilar kunu da farfesu, kun riƙe mana yara har ba su fasa makaranta ba. Matasa da mawaƙa, da aka ce ana neman leda biyu ta jini, kafin in gama waya kun cika barandar ɗakin gwaji. Maƙwabcina Alhaji, kai ka fito da motarka da tsakar dare, ka ƙi karɓar ko kuɗin mai, Hajiya kuma ba ta bar tukunyarmu ta huce ba. Allah ya bar zumunci, ya sāka da alheri. Likitoci da nas-nas da masu shara na ɗakin mata, Allah ya ƙara wa hannuwanku albarka. Dattawa da duk wanda ya turo gudummawa, har da waɗanda suka ce kada a ambace su, mun gani, mun gode.

Ranar Lahadi mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu fito godiya a sujadar Hausa, kowa ya zo ya taya mu rawa. Likita ya hana ta ɗaukar kaya da doguwar tsayuwa, don haka masu zuwa gaisuwa a yi haƙuri a taƙaita hira. Akwai kuma kulolin abinci da filas-filas da suka taru a gidanmu ba suna a jikinsu, masu su a zo a duba.