Mahayan jikin ginshiƙin Trajan

Yau Asabar ba lakca, Bashir ya ja ni wai mu je ya sayi caja, ƙarshe muka tsinci kanmu a gindin ginshiƙin Trajan, sarkin tsohuwar daular Rum, can kusa da dandalin Piazza Venezia a birnin Rum, muna ɗaga wuya kamar masu duban wata.

Ni dama tun makon jiya nake son ganin mahayan nan na Afirka ta Arewa da aka sassaƙa a jikinsa, rundunar kwamanda Lusius Quietus da ta taya Trajan yaƙin Dacia, wato Romaniya ta yanzu. A shekarar 113 miladiyya aka gama ginshiƙin, sassaƙen ya nannaɗe shi daga ƙasa har sama, sai da na ta jawo hoton da waya har hannuna ya soma rawa kafin na gano su. Gashi a murɗe layi-layi, 'yar riga iya cinya, ba sirdi ba linzami, igiya ce kawai a wuyan doki. Wallahi sai na ji wani daɗi.

Bashir kuwa ko a jikinsa. Wai ni kaɗai nake murna, ai duk baƙin mutum da ya gani a gidan tarihi a garin nan ko yaron gida ne riƙe da fitila, ko kansa aka mayar 'yar kwalbar turare ta tagulla, waɗannan ma yaƙin wani suka je yi. Na ce to Septimius Severus fa, haifaffen Leptis Magna a Libiya, ya mulki Rum daga 193 zuwa 211, ga ƙofar da aka gina masa can ƙasa ba nisa da nan. Ya ce in je gidan tarihi na Capitolini in kalli kansa na farin dutse da gemu a nannaɗe in gaya masa wa zai ce ɗan Afirka ne. Na ce ai da can fenti ake shafa wa gumakan, wankewa ya yi. Ya yi dariya ya ce shi Quietus ɗin naka ina ya ƙare? Kuma ya sani sarai, kashe shi aka yi a 118 bayan Hadrian ya hau mulki.

Nan bakina ya mutu. Muna tsaye wani ɗan Senegal mai tallan awarwaro ya zo ya ce mana brother, da ya hango 'yan sanda ya tattare kayansa ya yi gaba, Bashir ya kalle ni bai ce komai ba, shirun nan ya fi maganarsa ƙona min rai har muka hau bas.

Caja dai ba a samu ba. Umma ta kira, na ce mata gumaka muka je kallo, ta ce Allah ya shirye ni. Taliya kuma yau ma, Nura ya cika mata gishiri.