Godiya ga duk wanda ya taya ni bin sawun kwalekwalen da ke hoton kakana

Assalamu alaikum jama'ar Sabon Zango, Nima, Mamobi da 'yan'uwa na nesa.

Alhamdu lillahi, taron da muka yi ranar Asabar na baje hotunan tsofaffin kwalekwalen kamun kifi na bakin tekun Accra ya tashi lafiya. Tun a daren na so rubuto godiya, gajiya ta hana sai yau.

Mafarin abin hoto ne guda da gwaggona ta ciro daga ƙasan adakarta bara. Kakanmu ne yana saurayi, tsaye a yashin Jamestown jikin wani ƙaton kwalekwale, ga hasumiyar fitila can bayansa. Ba rubutu, ba kwanan wata. Ta ce, "Ɗana, kai ne ɗan boko, nemo mana labarin jirgin nan." Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya.

Babbar godiyata tana wajen wani dattijon masunci, mutumin Ga, da na tarar ranar wata Talata yana ɗinkin taru, da yake masunta ba sa shiga teku ran Talata. Bai san ni ba, amma ya ture aikinsa ya karɓi hoton. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora farce a gefen jirgin ta wajen baya, ya ce, "Yaro, ina katakon ɗaura inji?" Babu. Ke nan jirgin na zamanin tuƙi da ƙarfin damtse ne, don sai a shekarun 1950 inji ya fara shigowa, ya yaɗu a shekarun 1960. Wata uku ina juya hoton nan ban ga haka ba. Baba, sau shida na dawo maka da tambaya, ko sau ɗaya ba ka ɗaure min fuska ba. Allah ya saka maka da alheri.

Shi ya nuna min cewa cikin jirgin gungume ɗaya ne, na itacen da mutanen Asante ke kira wawa, mara nauyi, mai sauƙin sassaƙa. Wannan ya kai ni daji. Na gode wa kawuna na Zangon Kumasi da ya ajiye sana'arsa kwana biyu ya kai ni wajen masassaƙa a yankin Ahafo. Da idona na ga ana rarake gungume da gatari da gizago a inda aka kayar da shi. Daga nan babbar mota ke kai shi bakin teku, kafintoci su ƙara masa katako a gefe, a yi fenti, a raɗa masa suna. Masassaƙan sun koka cewa manyan itatuwan sun yi wuya, abin ya tsaya min a rai har yanzu.

Ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Adabraka, na gode da haƙurinku. A wajenku na karanta yadda ƙananan jirage ke jigilar buhunan koko zuwa manyan jiragen da ke tsayawa can cikin teku, kafin a buɗe tashar Tema a 1962. Sai na gane abin da ya kai ɗan Zango bakin ruwa: dako. Da na faɗa wa gwaggo, ta yi shiru, ta ce ta tuna kantar da ke kafaɗarsa.

Malaman makarantar allo da suka ba mu fili, samarin da suka jera kujeru, iyayenmu mata na Chorkor da suka aiko da bandar kifi kyauta, Allah ya bar zumunci.

Jirgin kansa ban same shi ba. Baba masuncin ya ce irinsu in sun tsufa ruɓewa suke yi a yashi, ko a faskara su a yi bandar kifi. Don haka duk mai tsohon hoton bakin ruwa a gida, don Allah ya kawo min makarantar allon da muka yi taron, bayan la'asar. Zan ɗauka da waya a gabansa, in mayar masa da abinsa nan take.